Ranar da Farantin Injin Ya Yi Shiru

Shekara goma sha ɗaya farantin ƙarfen da ke rufe da babban injin masaƙarmu yana karkarwa yana ruri, har muka saba magana da ihu ko a gida. Matata ta gaji da tuna mini cewa ita ba kurma ba ce.

Sai aka kawo mana Injiniya, wata 'yar siririya da aka ɗauka gwajin wata uku. Ta ce za ta kashe ƙarar. Manaja ya ce in ta kasa, ta san hanyar gida. Na tausaya mata ƙwarai, don masu gemu sun gwada sun tafi.

Na baya sun liƙa wa farantin na'urorin jin motsi har ashirin, wayoyi ko'ina, a banza. Ita kuwa sai ta yi mako guda tana bin sa da tafin hannu, ta gano wuri biyu da ya fi rawa, ta liƙa guda biyu kacal. Su za su ji karkarwar su sanar da wani ɗan akwati, shi kuma ya girgiza farantin akasin yadda yake rawa, ƙarar ta mutu.

Abin da ba mu gaya mata ba shi ne al'adarmu. Duk safiya in Manaja ya shigo, Baba Sufana, tsohon makanikenmu, yakan rusuna da murmushi ya surfa masa zagi. Ƙara ta haɗiye zagin, Manaja ya ɗaga hannu ya ce ya gode.

Ranar gwaji Manaja ya shigo, Baba ya rusuna, Injiniya ta danna maɓalli. Wuri ya yi tsit.

"Mai tumbi kamar randa, ko ƙusa bai iya bugawa ba!" Muryar Baba ta cika masaƙa.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya ƙame a rusune, murmushin ya bushe a fuskarsa.

Manaja ya dube shi. "Baba, tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kama aiki, ranka ya daɗe."

"Ni kuma ina ta godiya?"

"Kullum, ranka ya daɗe."

Injiniya ta fara naɗe wayoyinta, idonta ya ciko da ƙwalla, ta tabbata tata ta ƙare. Manaja ya juyo gare ta.

"Bar wayoyin nan, an ɗauke ki aiki." Ya gyara kwalar rigarsa. "Amma in kin hango ni zan shigo, ki kashe akwatin nan naki. Duk ginin nan Baba kaɗai ke gaishe ni."