Kifi Mai Ƙafar Kaza

Malamar kimiyya tana da aji mai ladabi har ya yi yawa. Duk abin da ta koyar, da ta juyo ta tambaya ko sun gane, sai ajin ya amsa baki ɗaya: "E, Malama." Ita kuwa baiwar Allah sai ta ji daɗi ta wuce gaba.

Jarrabawar gwaji ce ta tona asiri. Sun faɗi warwas, har da 'yan layin gaba masu gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Shugaban makaranta ya kira ta ofis, ya ce ba ya shakkar iliminta, amma in zango ya ƙare a haka, zai ba wani malamin ajin. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don tana son yaran nan, kuma ta san ba daƙiƙai ba ne. Tun a gida aka horar da su cewa yaro ba ya musa wa babba.

Washegari ta zana kifi a allo, ta yi masa ƙafafun kaza, ta rubuta cewa da su yake yawo a ƙarƙashin ruwa. Ta koma gefe tana jiran dariya. Ko tari babu wanda ya yi. Kowa ya duƙufa yana kwafa a littafinsa, har da masu ƙawata wa kifin farata. Sai da idonta ya kawo ruwa.

Tana zagawa tsakanin kujeru ta iske wata yarinya a can baya, wadda ake kira Tsit saboda rashin maganarta, ta zana nata kifin babu ƙafa. Malama ta tambaye ta dalili. Yarinyar ta miƙe, ta buɗe tafin hannu tana jiran bulala.

"Ki yi haƙuri, Malama. Kifi ba shi da ƙafa."

Malama ta kama hannun, ta ɗora mata tsumman goge allo, ta ce ta je ta cire ƙafafun. Ta shaida wa ajin da gangan ta yi, kuma daga yau kowane darasi akwai ƙarya a ciki, su za su nemo ta.

Da ta gama bayanin yadda kifi ke numfashi, ta juyo yadda ta saba.

"Kun gane?"

Ajin ya shiga kallon-kallo. Can sai Tsit ta sake miƙa hannu, wannan karon sama.

"A'a, Malama."

Daɗi ya kama Malama. Ta goge allon, ta faro daga farko.