Agogo Mai Matashi

Da Baba Mode ya ɗaga hannu don ya duba agogon, sai ya zame daga wuyan hannunsa ya gangara har kusa da gwiwar hannu. Abdulrazak mai agogo ya sunkuyar da kai yana goge gilashin teburinsa kamar bai gani ba. Ni ma na juya ina kallon masu sauke buhunan albasa.

A kasuwar Bodinga muke, rana ta take, bazara ta kai inda ta kai. Ni tela ne, shagona a jikin katangar gidan Baba Mode yake, kuma tun da ciwon hanta ya kama shi bara da kaka ni ke kai shi asibiti Sakkwato, ni ke dawo da shi. A zuwanmu na ƙarshe likita ya ja ni gefe ya ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a. Da safen nan Inna Kande, matarsa, ta leƙo shagona idanunta jajur. Ta ce Malam ya kafe sai an kai shi kasuwa, ta yi magana har bakinta ya gaji. Ga ɗinkin mutane jibge a gabana, amma na rufe keken na tayar da babur.

Abdulrazak ya fara miƙo masa wani zagayayye mai ruwan zinari. Baba Mode ya juya shi ya ce ya cika tudu, hannun riga zai riƙa kama shi, igiyar injin ban-ruwa ma haka. Aka kawo mai kusurwa huɗu. Ya ɗora shi a hannu, ya lanƙwasa tafinsa baya kamar mai riƙe ƙotar fartanya, kusurwar ta danne masa fata.

"Wanga cizo shikai," ya ce, ya ajiye.

Na roba mai lambobi masu haske ko taɓa shi bai yi ba, ya ce na yara ne. Ni dai ina tsaye zufa na bin bayana, ina ganin yadda yake dafe da teburin don kada ya faɗi. Na ce masa ya ɗauki kowanne mu tafi, jikinsa ba na tsayuwar rana ba ne. Bai ko dube ni ba.

Daga can ƙasan akwati Abdulrazak ya zaro wani. Shi ba zagayayye ba, ba kuma mai kusurwa sosai ba. Gefensa huɗu ne, amma kowane gefe ya ɗan kumbura, kusurwoyin a lanƙwashe, kamar matashin kai da aka cika da auduga. Ya ce su "mai matashi" suke ce masa. Fuskarsa fara ce, lambobin manya, maɗaurin na fata ne ruwan ƙasa. Baba Mode ya shafa gefen da babban yatsa, ya ɗora, ya lanƙwasa hannu gaba da baya. Agogon ya kwanta lub, babu inda ya soke shi. Ya tambaya ko yana jure ruwa, aka ce yana jurewa. Ya ce fatar ma ta fi, ƙarfe zafi yake ɗauka a rana.

Abdulrazak ya ɗauko ƙusa zai ƙara huji a maɗaurin don ya kama hannun da ya rame. Baba Mode ya dafe masa hannu.

"Bar shi. Ba ni za ni ɗaurawa ba, na Ummaru na. Hannunmu guda da shi." Ya dubi nasa hannun. "Da can."

Ummaru ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk unguwarmu an san labarin. Bayan rasuwar mahaifinsu suka gaji fadama ɗaya a Danchadi, a tsakiyarta akwai mangwaron da tsohon ya shuka. Wata shekara Baba Mode ya sare shi don inuwarsa na hana albasa yin kai, bai shawarci kowa ba. Ummaru ya zo ya tarar da kututture, ya ce masa, "Ka sare Baba." Daga nan ya bar masa fadamar ya koma Shagari wurin dangin matarsa. Ni ina saurayi a lokacin, yanzu ga furfura a gemuna, kuma tun daga ranar ba su sake zama tabarma ɗaya ba.

Da Baba Mode ya biya kuɗin agogon, na ɗauka gida za mu koma. Sai ya ce mu kama hanyar Shagari. Na roƙe shi ya bari na kai saƙon ni kaɗai, ya ce ba a aika irin wannan. Ba ni da ƙarfin gardama, na hau babur ya hau bayana. Ya kifa kansa a kafaɗata, nauyinsa bai fi na ƙunshin atamfa ba. Muka yi ta tsayawa a gindin bishiyoyi yana kurɓar ruwa yana maida numfashi.

Mun sami Ummaru a ƙofar gidansa ya baje injin ban-ruwa yana gyara, hannunsa duk baƙin mai. Ya amsa sallamarmu yana dubana, ya dubi tsohon da ke bayana, bai gane shi ba sai da ya ji muryarsa. Ya shimfiɗa tabarma. Suka gaisa doguwar gaisuwa irin ta baƙi, gida, iyali, zafi, gona, kowa na kallon ƙasa. Sannan Baba Mode ya ciro agogon daga aljihu ya ajiye a tsakaninsu.

"Mi za ni yi da agogo, Yaya? Ga rana, ga ladan."

"Aje dai."

Ummaru ya goge hannu a wando, ya ɗauka ya jefa a aljihu, ko dubawa bai yi ba. Aka kawo fura, Baba Mode ya taɓa ta da leɓe ya mayar. Ba wanda ya ambaci fadama. Da za mu tashi Ummaru ya raka mu, ya tambaye ni a hankali abin da likita ya ce, na faɗa masa. Ya kama yayansa zai taimaka masa hawa babur, ya ɗaga shi da ƙarfin da ya zaci za a buƙata, har ya kusa yin baya da shi. Na ga fuskarsa ta sauya.

A gida Inna Kande ta tambaya yaya aka yi, Baba Mode ya ce Ummaru ya karɓa, ya shige ɗaki. Bai sake fita ƙofar gida ba. A raina na ce mun ƙona ɗan sauran ƙarfinsa a kan titi ba gaira ba dalili.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Ummaru da 'yar jakarsa a kafaɗa. Ya gaida Inna Kande, ya shiga ɗakin, bai kuma koma Shagari ba. Shi ke juya shi, shi ke yi masa alwala, shi ke fitar da fo. Inna Kande ta sami damar runtsawa, ni ma na koma kan kekena.

Wata hantsi na shiga duba shi na tarar Ummaru ya tallafo kansa yana ba shi koko. Hannun rigarsa ya zame baya, ga agogon daram a wuyan hannunsa. Baba Mode ya kai yatsa ya taɓa gilashin.

"Ba shi cizo?"

"Ba shi cizo, Yaya."

Baba Mode ya lumshe ido, can ya ce, "Mangwaron nan ya riga ya tsufa, Ummaru."

"Bai tsufa ba."

"To."

Suka yi wata 'yar dariya mara sauti, ta Baba Mode ta ƙare da tari, Ummaru ya goge masa baki da gefen rigarsa.

Ranar Talata bayan la'asar ina tsakiyar ɗinke wuyan wata riga na ji salatin Inna Kande ta kan katanga. Na ɗage ƙafata daga kan keken. Ummaru ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, muka rufe shi kafin magariba.

Washegari da rana masu ta'aziyya suka ɗan tsagaita. Inna Kande ta aiko da tuwo a kai wa Ummaru zaure. Na same shi zaune ya jingina da bango, barci ya ɗauke shi, hularsa ta karkace, carbi ya sulale daga yatsunsa zuwa kan tabarma. Ban tashe shi ba. Na rufe kwanon da faifai, na tura shi cikin inuwa, na kori wata kaza da ta leƙo, na zauna a bakin ƙofa.