Bishiyoyin Burhon

"Ba haka ba, kelin. Daga tsakiya ake farawa, a gangaro baki."

Ina kan rufin ɗakinsa ina jan mulmulallen dutsen da muke danne ƙasar rufi da shi, ruwa yana shiga ta wuyan rigata, shi kuma yana tsaye a ƙasa da buhu a ka, yana koya mini aikin da na shekara ashirin ina yi. Na ce, "Bobo Nazarali, in ka fi ni iyawa ga tsani nan." Nan take na yi da-na-sani, don da gaske ya kama tsanin. Sai da na rantse masa zan fara daga tsakiya sannan ya saki.

Kelin, wato amarya, yake ce mini tun ranar da aka kawo ni garin nan, ga shi har na fara furfura bai canza ba. Gidajenmu a jikin dutse suke, wani bisa wani, saboda haka rufinsa shi ne tsakar gidana. A kai nake shanyar tuffa da kaka, kuma duk sanda na fito ƙofa, a saman kansa nake tafiya.

Sanyin bara bai zo mana da sauƙi ba. Dusar ƙanƙara ta sauka kwana uku, kafin mu gama kwashewa ta juye ruwa, kuma duk mai rufin ƙasa ya san babu abin da ya fi wannan muni. Ga rana ba ta leƙo mu sai wajen sha ɗaya, ƙarfe uku ta faɗa bayan dutse. Mazan gari kuwa duk suna Rasha wajen aikin gini, har da mijina, suna yi wa wasu rufi.

Da na sauko na shiga wurinsa in sha ɗumi. Daro biyu, bokiti, tukunyar da marigayiya matarsa ke dafa shinkafar biki, duk an jera su a ƙasa, kowanne da irin ƙarar ɗigonsa. Na ɗaga kai na dubi babbar azarar da ke ɗauke da sauran. Ta yi baƙi, ta lanƙwasa a tsakiya. Na hau kujera na danna azarar, ɗan yatsana ya shige.

Na ce, "Wannan ai ba azara ba ce, gurasa ce da aka jiƙa a shayi."

"Mahaifina ne ya ɗora ta. Ta girme ki, ki yi mata magana da ladabi."

Laifinsa ne, kuma na sha faɗa masa. Kowace kaka sai ya ƙara sabon yaɓe na laka da ƙaiƙayi, bai taɓa kankare na baya ba, wai abin da hannun ubansa ya shafa ba shi zai cire ba. Kaurin rufin nan ya kusa kai gwiwata. Yanzu duk ya sha ruwa, yana zaune a kan ruɓaɓɓen itace, tsoho yana kwana a ƙasa.

Na nuna masa taga. Can bakin rafi bishiyoyin safedor ne guda sha biyu, dogaye, farare, miƙaƙƙu, ba wadda ta kai su a garin. Na ce, "Ɗaya kawai. A sare ɗaya a tokare, da kaka in maza sun dawo a sauke rufin."

"Na Burhon ne."

"Na san na Burhon ne."

"To me kike tambaya?"

A nan, ranar da aka haifi ɗa namiji ubansa ke dasa masa safedor, kuma ba mai taɓa su sai ranar da yaron zai rufa ɗakinsa. Na ɗansa Burhon sun shekara arba'in da ɗaya suna jira. Shi kuwa shekararsa sha ɗaya bai tako garin ba.

Na ce, "To ka dawo wurina. Ɗakin yara babu kowa."

"Gida in ya yi mako ba wuta a irin wannan ruwa, ba ya sake tashi. Kuma mijinki ba ya nan. Me za a ce?"

"Za a ce Sharofat ta yi sabon saurayi mai haƙori huɗu."

"Biyar," in ji shi, ya miƙo mini shayi.

Ni ce na kawo dabarar waya, kuma har gobe ina jin haushin kaina. Na ce a raina, tunda bishiyoyin na Burhon ne, Burhon ya ba da izini mana, a huta. Washegari da hantsi na aza wayata a bakin tagarsa, inda kaɗai take kamawa, na ƙara sauti yadda tsoho zai ji. Na yi wa Burhon bayani. Bai ma bari na ƙarasa ba.

"Baba, don Allah ka sare. Ka sare duka ma in ana so. Ni fa ba gini zan yi a can ba, yara sun shiga makaranta a nan, ko yarenmu ba sa ji sosai. In zafi ya shigo na samu hutu zan zo in sa maka kwano. Yaya Sharofat, ki sa a sare, na yafe."

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, na ji a muryarsa. Bobo Nazarali ya sunkuya ya gyara zaman bokitin da ba ya bukatar gyara. Sannan ya ce, "Wayar nan ba ta kamawa da kyau. Ban ji komai ba." Ya fita ɗebo itacen wuta, alhali ga itace nan jibge kusa da murhu.

Bayan nan ban sake iya ambatar bishiyoyin ba. Na je na kira Saidmurod, wanda shi kaɗai ya rage cikin mazan gari da ke iya riƙe zarto, shekararsa saba'in, idonsa ɗaya. Muka ciro wata tsohuwar dirka daga garken Bobo da babu dabba a ciki, muka tokare azarar. Saidmurod ya ƙwanƙwasa dirkar, ya girgiza kai, ya ce, "Gurgu ne ya goya gurgu." Bobo ya ce da shi da ya fi shi gani sai ya yi magana.

Ruwa bai tsaya ba. Ya yi kwana tara, wani lokaci yayyafi, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Kullum da rana ta ɗan haska sai in hau in ja dutse, kafin in kai baki duhu ya fara. Ranar da saniyata ta tashi haihuwa na wuni a garke, sai bayan azahar na fito. Na tarar da shi zaune a kan rufin, cikin laka, hannunsa har gwiwa a cikin indararo, rigarsa ta manne masa a jiki. Hawa ya iya, sauka ta gagara.

"Toshewa ya yi," in ji shi. "Ruwa ya taru."

Na yi masa faɗa kamar ɗan cikina, ina kuka ina faɗan, har na sauko da shi. Kafin magariba jikinsa ya ɗauki zafi. Malamar jinya ta zo daga ƙasan gari ta saurari ƙirjinsa, ta yi masa allura, ta ja ni waje ta ce asibiti ya kamata, amma ƙasa ta zabtare ta rufe hanya, ba motar da za ta wuce kafin sati. Muka ja shimfiɗarsa zuwa lungun da bai fara yoyo ba. Iyakar abin da muka iya ke nan.

Ni kuma sai na daina taka rufin. Tsoro nake ji kar nauyina ya zama shi ne na ƙarshe. In zan fita sai in bi ta gefe, ina dafa bango, in zagayo ta bayan garke. Kwana biyu ina haka, na kawo masa shayin madara da gishiri, ya dube ni ya ce, "Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"Ban ji takunki ba. Jiya ma ban ji ba." Ya yi tari, ya huta. "Tun da uwar Burhon ta rasu, da shi nake sanin gari ya waye. In kin yi fushi da mijinki ina sani. In wasiƙa ta zo ina sani. Tafiya gare ki kamar jakin mai gishiri, kelin, amma an saba."

Na ce, "Rufin zai faɗo maka."

"Ya ɗauke ki shekara ashirin. Ki taka."

Na ce ya shanye shayinsa kafin ya huce. Daga ranar na koma takawa.

Ranar Laraba ya aike ni bakin rafi in duba ko iska ta karya wani abu. Na je na dawo na ce masa sha biyu ne cif. Ya ce, "Ta ƙarshe, wadda ke kusa da ruwa, ita ta fi miƙewa. Ita Burhon zai sa a tsakiyar rufinsa." Na ce to. Tukunyar biki ta cika, na ɗauka na fita zubarwa, na tsaya ɗauraye ta. Ko da na dawo, rana ta riga ta faɗa bayan dutse, shi ma ya tafi. Azarar tana nan yadda take.

Burhon ya yi kuka a waya har na kasa jin maganarsa. Babu hanya, ko da ya samu jirgi.

Da safe tsofaffin gari suka haƙa kabari da ƙyar, sai aka tarar tubalin da ake ajiyewa a bayan masallaci don rufe kabari duk ya narke. Ba busasshen katako a garin wanda ba ya riƙe da rufin wani. Na ga Saidmurod ya nufi bakin rafi da zarto, na bi shi da gudu cikin taɓo.

Na ce, "Na Burhon ne."

Ya dube ni da idonsa ɗaya. "Burhon ya yafe, Sharofat. A gabanki ya yafe."

Ta kusa da ruwa ya sare, don ita ta fi sauƙin tsagawa. Mata ba sa zuwa maƙabarta, saboda haka daga kan rufinsa na tsaya na ga an wuce da shi, mutum biyu suna biye da fararen katako a kafaɗa.

Har yanzu ni ke hura wuta a ɗakin, in zubar da darurruka, ban san wa nake yi wa ba. Daga ƙofata ana hango sha ɗayan da suka rage, da farin kututture a ƙarshen layi. Yau da safe na fito da bokiti, na kai tsakiyar rufin, sai na ji ina taka shi da ƙarfi, yadda na ƙasa zai ji.