Wa Ya Biya Lauyan Kwamiti?

Shekara biyu Loretta Haskins tana bin gida-gida tana karɓar sa hannu, don ƙauyenmu Pine Hollow ya zama gari mai majalisar kansa. Shugaban kwamitin kuwa Wendell Pruitt ne, maƙwabcinta tun suna yara.

Ranar taro a zauren coci, wani manomi ya tambayi inda aka samo dala dubu talatin da aka biya lauya.

Wendell ya ce, "Wani mai ƙaunar garin nan ne, ba ya son a ambace shi."

Da aka tashi, Loretta ta tare shi a gindin motarsa. Ta ce, "Har ni za ka ɓoye wa? Da bakina na gaya wa mutane kuɗinmu ne."

Ya daɗe yana juya makulli a hannu. "Kamfanin da ke son gina gidaje a bakin rafi ne. Loretta, ba don su ba, da tuni maganar ta mutu."

Bayan kwana biyu ta sanar da kwamiti. Wendell ya sauka daga shugabanci, mutum arba'in suka janye sa hannunsu. Yanzu in sun haɗu a gidan mai, gaisuwa ce kawai tsakaninsu.