Kwat ɗin Babban Akawu

Tun zamanin magabata an san cewa abu mai daraja ba a wulaƙanta shi da amfanin yau da kullum. A kan wannan ƙa'ida Babban Akawu ya rayu, kuma ba wanda ya tsira daga jin ta a ofishinsu.

Yana da baƙin kwat da ya gada daga mahaifinsa, wanda shi ma bai taɓa sawa ba. Kwat ɗin na kwance a ƙasan akwatin ƙarfe, an barbaɗe shi da kafur saboda asu, yana jiran ranar da za a naɗa mai shi shugaban sashe. Da ɗansa ya gama jami'a, uwargida ta roƙe shi ya sa. Ya amsa mata cewa digiri ya zama ruwan dare, amma kujerar shugaban sashe guda ɗaya ce tak.

Da kujerar ta zama ba kowa, sai sabon darakta, wanda bai wuce sa'an ɗansa ba, ya aika a kira shi. Uwargida ta ba da shawara a shanya kwat ɗin ya sha iska. Ya ƙi, domin mahaifinsa bai taɓa shanya shi ba.

Ƙamshin ya riga shi shiga ofis. Darakta ya yi atishawa, ya buɗe taga, sannan ya shiga yabon gogewarsa da daɗewarsa a aiki.

"Baba," in ji darakta, "ai a bakinka muka koyi cewa abu mai daraja ba a wulaƙanta shi da amfanin yau da kullum."

"Haka yake, Yallaɓai," in ji Babban Akawu, yana gyara wuyan kwat.

Nan take aka ba shi muƙamin mai kula da ɗakin tsofaffin fayiloli, can ƙarƙashin bene, inda ba taga, ba waya, ba mai leƙowa. Kujerar kuwa wani matashi mai yamutsattsiyar riga aka bai wa.

Da ya koma gida, uwargida ta miƙa hannu za ta karɓi kwat ɗin ta mayar akwati.

"Bar shi a jikina," ya ce. "Gobe ma da shi zan tafi. Wurin da suka kai ni ba shi da bambanci da akwatin."