Hoto Ɗaya Ya Rage a Folda

"Wa kika bar wa yaran?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa, idonsa a kan mutanen da ke bayanta.

"Suna wajen Yaya. Layi na biyo kamar kowa, Malam. Ko an hana matan aure shigowa ne?"

Mijinta ne. A gida Abban yara take ce masa, amma a wannan ɗakin da ke saman shagon kayan gini kowa Malam yake kiransa, ita ma sai ta ara. Duk Asabar da rana yakan zo nan, shi da wata abokiyar aikinsa da ake kira Anti Mai Gilashi, su zauna kyauta suna taimaka wa masu koyon rubuta wa kwamfuta umarni. Ɗakin ba wani abin kallo: kujerun roba, dogon tebur mai ƙafa ɗaya gajera an tokare ta da kwali, wayoyin caji sun sarƙe a ƙasa, fanka tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Doka ɗaya ce a ɗakin, kuma shi ya kafa ta: mai taimako ba ya taɓa kibod, wato madannan kwamfutar mai koyo. Ya tsaya, hannu a baya, ya yi tambaya, ya jira.

Saboda wannan dokar ta hau mota biyu cikin rana ta zo.

A shagon ɗaukar hoto take aiki. Makarantu ke kawo musu aikin katin shaidar ɗalibai, kowane hoto sai an rage girmansa an sa masa lamba. Da hannu take yi a da, ɗaya bayan ɗaya, har wuyan hannunta ya fara kumbura, har ta saba da dawowa gida yara sun yi barci ba ta gan su ba. Wata rana Abban yara ya ga tana daddanna hannun da ruwan ɗumi, ya ɗauki kwamfutarta ya rubuta mata ɗan ƙaramin shiri, jerin umarni ga kwamfuta, da bai cika shafi ba. Ta danna, aikin yini guda ya kammala kafin ta ajiye kofin da ke hannunta. Ranar ta ji kamar wasiƙar soyayya ya rubuta mata, da wani yare da ba ta iya karantawa ba.

Nan ɗin ne kuma ciwon ya ɓullo. Kowace makaranta da nata sharaɗin. Wannan tana son sunan aji a jikin hoto, waccan tana son a ƙara girma. Da ta taɓa layi ɗaya a cikin shirin sai komai ya tsaya. Ta kira shi daga shago, yana cikin taro, wayar ta yi ta ringin har ta yanke, mai kaya yana tsaye a kanta. Da yamma ya dawo a gajiye, ta ce "Duba mini," ya jawo kwamfutar gabansa, yatsunsa su yi ɗan gudu, ya mayar mata. "Ga shi nan." Ta ce mene ne ya lalace? Ya ce, "Ƙaramin abu ne," ya wuce wanka. A haka ta wayi gari tana riƙe da abin da rayuwarta ta rataya a kansa, amma ba ta san cikinsa ba. Jiya Oga, mai shagon, ya gaji, ya ce mata ba mijinta ya ɗauka aiki ba. Ranar Litinin zai zauna kusa da ita, ya ce ta canza wani abu a gabansa. In ta kasa, ta koma yi da hannu.

"To," in ji Malam, ya mayar da hannayensa baya. "Faɗa mini matsalar."

Ta buɗe kwamfutar. "Na ƙara layin da zai sa sunan aji. Ba ya fito da jan rubutu, ba ya cewa akwai kuskure. Yana gamawa lafiya lau. Amma in na buɗe foldar da yake zubawa, hoto ɗaya tak nake gani."

Ta buɗe masa. Ga shi nan, yaron ƙarshe a jerin, mai giɓi, wuyan rigarsa a karkace, yana dariya kamar ya san abin da ya yi. Tun jiya take kallon fuskar nan. Ta kusa fara tsanarsa, ɗan mutane.

"Ina sauran suka tafi?" ya tambaya.

"Da na sani zan zo nan?"

"Karanta layin nan."

Ta karanta.

"Na ƙasansa."

Ta karanta. Kalmomin suna fita daga bakinta amma ba sa tsayawa a kanta. Ɗazu tana zaune a layi ta kalle shi da wani tela da ya kasa gane dalilin da ya sa kwamfutarsa ke haɗa biyu da biyu ta ba shi ashirin da biyu. Ya tsaya a kansa fiye da lokacin shan shayi, suna dariya, yana cewa, "Kar ka damu, ni ma na taɓa yi." Muryar nan mai laushi, wadda ta sa ta yarda ta aure shi, ashe nan yake kawo ta duk Asabar ya rabar. Yanzu da ya zo kanta muryar ta koma ta gida, gajera, mai sauri, wadda ke jiran a gama.

"Ba ki gani ba? Yana gabanki fa."

"Ban gani ba."

"Duba sosai."

"Ka daina numfashi a kaina, sai in duba."

Ya yi ajiyar zuciya. Ta san ta, ita ce wadda ke zuwa kafin ya ce "kawo." Kafin ta ɗaga kai hannunsa na dama ya kuɓuce daga bayansa ya sauka a kan kibod.

"Malam, hannu!"

Wani dattijo ne ya faɗa daga bencin masu jira, mai furfura a gemu, da tsohuwar kwamfuta a cinya an ɗaure murfinta da salatif. Baba Direba ake ce masa. Ɗakin ya kwashe da dariya. Anti Mai Gilashi ta leƙo ta saman gilashinta ta ce, "Mai doka da kansa? Yau mun ga abu."

Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. Shi ma ya yi 'yar dariyar, ta kunya. Ita ba ta yi ba. Ta rufe kwamfutar a hankali, ta ce, "Ka ga na bayana," ta tashi ta koma ƙarshen benci wajen taga. Ba fushi take ji ba. Gajiya ce, irin wadda ke zama a ƙashi. A ƙasa ana sauke buhunan siminti daga mota, ƙurar tana tasowa har tagar. Ta yi tunanin Litinin, da wuyan hannunta, da yaran da za su koma yin barci kafin ta iso. Ta yi tunanin ko dai gaskiya ne kanta bai isa ba.

Bencin ya motsa. Baba Direba ne ya matso.

"'Yata, mijinki ne, ko?"

"Ya aka yi ka sani, Baba?"

"Ba mai yi wa baƙo irin wannan numfashin." Ya shafa murfin kwamfutarsa. "Ni likita ne ya ce in nemi abin da zai riƙe mini kai tunda na ajiye sitiyari. Na rubuta shirin da zai tambaye ni sunana ya gaishe ni. Yanzu tambaya yake ta yi. In faɗa masa, ya sake tambaya. Matata ta ce ko shi ma ya gane ba a yarda da ni."

Murmushi ya kuɓuce mata ba da sonta ba.

"Naki me yake yi? Ki faɗa mini da Hausa, ban da yarensu. Ni ko rabin abin da suke faɗa ba na ganewa, kai kawai nake gyaɗawa."

Ba ta da niyyar magana, amma ya zuba mata ido yana jira, kuma ba shi da inda za shi. Ta buɗe kwamfutar ta juya masa. "Nan yana cewa ne, je ka folda kaza. Wannan kuma yana cewa, kowane hoto ka samu, yi masa abubuwan da ke ƙasa. Ka gama da shi, ka dawo ka ɗauki na gaba. Zagaye ke nan."

"Kamar lodin fasinja."

"Kusan haka. Kowane hoto ya rage masa girma, ya ba shi lamba, ya ajiye shi da wannan lambar."

"Lambar kujera. To. Wa ke riƙe da ƙirgen?"

"Wannan layin." Ta ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar. "Yana cewa lamba ta fara daga ɗaya. Can ƙasa kuma yana cewa a ƙara mata ɗaya."

"Sau nawa yake cewa ta fara daga ɗaya?"

"Sau ɗaya mana, a farko."

"Oho. Ni dai na tambaya ne."

Ta buɗe baki za ta wuce layi na gaba, sai ta tsaya. Ta sake kallon inda yatsanta yake. Layin ba a farko yake ba. Shekaranjiya da take neman wajen da za ta saka sunan aji, ta yi ta ɗaga layuka tana saukewa, shi kuma ya gangaro ya shiga cikin zagayen. Kowane hoto ya zo, sai a ce masa, kai ne na ɗaya. A ajiye shi. Na gaba ya zo, shi ma na ɗaya, ya hau kan na baya ya shafe shi. Haka har kan mai giɓi, wanda ba wanda ya biyo bayansa.

"Baba," ta ce, "duk kujera ɗaya nake ba su."

"Subhanallahi. Ai ko ni a zamanina ban yi wannan lodin ba."

Ta ɗauke layin, ta mayar da shi sama, wajen zagayen. Ta sake karanta shirin daga farko har ƙarshe, a bayyane, kuma a karon farko kowane layi ya amsa mata. Ta danna. Ta buɗe foldar. Fuskoki suka fara zubowa jere-jere, masu dariya, masu ɗaure fuska, wata ta rufe ido, wani kunnuwa a baje, har sai da ta gangara can ƙasa kafin ta iske mai giɓi a inda ya dace da shi. Ta juya wajen taga ta goge ido da gefen mayafinta, ta bar ƙurar siminti ta ɗauki laifin.

"Ya tafi?" in ji Baba Direba.

"Ya tafi."

"To ki duba mini nawa kafin hannunki ya huce."

Ba ta kai ga amsa masa ba ta ga inuwa a kan gilashin. Abban yara ne, ya sallami na gabansa ya taho. Ya duba foldar, ya duba layin, ya gyaɗa kai.

"Shi ne," ya ce. "Tun da kika buɗe na gan shi."

"Na san ka gan shi. Kullum kana gani. Ni ce ban taɓa gani ba."

Ya zauna a bakin bencin, abin da ba ya yi a ɗakin nan. Daga kusa ta ga jan da ke idonsa, da furfura biyu-uku da ba ta lura sun fito ba. Shi ma a gajiye yake, mutumin nan, yini yana gyara na ofis, Asabar yana gyara na gari.

"In na ga kin maƙale," ya ce a hankali, "ba na iya tsayawa ina kallo. Su waɗannan ina iya bari su sha wuya. Ke ba na iyawa."

"Na sani. Shi ya sa har yau ban iya ba."

Baba Direba ya duƙufa a kan kwamfutarsa yana nuna kamar ba ya ji, alhali kunnensa har ya karkato.

Ta daɗe tana kallon mijinta. Son da take masa bai ragu ba ko kaɗan, sai ma wani tausayi da ya hau kai. Amma Litinin tana nan tafe, da wasu Litinin ɗin a bayanta, kuma ba ya cikin shagon a ko ɗaya. Ta rufe kwamfutar, ta miƙe, ta ɗaga murya yadda za ta kai ƙarshen tebur.

"Anti, daga Asabar mai zuwa a layinki zan zauna, ko da zan kai yamma ina jira." Sai ta juyo gare shi. "Kai kuma, Abban yara, na sallame ka daga koyar da ni. A gida ba zan ƙara ce maka duba mini ba. In abu ya tsaya, ni da shi ne."