Sunan Dada

"Sauda, wallahi tsoro nake ji," in ji Abdulsalam, ya rage murya don kada 'yan barka da ke tsakar gida su ji. "Na yi wa Dada alkawarin takwara, ga shi Allah ya ba mu mace, ni kuwa ban san sunanta na yanka ba."

Sauda, matarsa, ta dube shi, sannan ta kwashe da dariya har jaririyar da ke cinyarta ta motsa. "Kai da kake mijinta?"

Dada kakarsa ce ta wajen uba. Ta rasu bara da damina, kakansa Malam Bakari kuma ya bi ta tun ba a gama girbi ba. A gidansu na unguwar Ɗan Iya, inda kunyar Fulani ta zauna daram, ba a taɓa samun mai kama sunanta ba. 'Ya'yanta Dada suke cewa, surukai da maƙwabta suka bi sahu. Shi kuwa Malam Bakari in yana nemanta sai ya yi gyaran murya ya ce, "Mutanen gidan nan ba sa ji ne?" Ita kuma ta amsa daga madafi, "Mutanen sun yi tafiya."

Wasan jika da kaka ya fi ƙarfi tsakaninta da Abdulsalam. Takan kira shi mijinta marowaci, amma shi take ɓoye wa fura mai kindirmo a ƙarƙashin gado. Malam Bakari ya ɗaga masa sanda ya ce, "Ɗan fashi, ka fita harkar iyalina!" A irin wannan raha ce ta sa shi alkawarin, kuma shi mutum ne da ba ya wasa da alkawari ko da na wasa ne.

Mahaifinsa dai ba ya tunkaruwa da wannan tambaya. Saboda haka ya lallaɓa wurin Goggo Yelwa, ƙanwar mahaifin, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito fili. Goggo ta dafe ƙirji.

"Ni? Uwar da ta haife ni zan kama wa suna? Ɗan nan, so kake bakina ya karkace?" Da ta ga idonsa ya raina fata sai ta sassauto. "Tafi Zungur wajen Hammajoda. Taubashinta ne, bakinsa ba shi da linzami."

Washegari da hantsi ya sami tsohon a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya jero bayaninsa dalla-dalla kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Hammajoda ya ajiye igiyar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Miji bai san sunan matarsa ba! To furar wa ka yi ta sha?"

"Kuskure ne, Baffa."

"Gado ne, ba kuskure ba. Kakanka da ya zo neman aurenta, a bakin garke ya tsaya ya yi ta yabon maruƙa har rana ta karkata, ya juya ya tafi bai ce mata uffan ba. Ita ce ta aika masa cewa in maraƙi yake so ya zaɓa, in kuma ita ce ya yi magana, don ruwa na neman sauka."

Abdulsalam ya yi dariya, domin ya ji muryar Dada sak a cikin saƙon. Tsohon ya kau da kai yana laluben igiyarsa.

"Fatu," ya ce a hankali. "Fatu sarkin tsiwa. Rabon da in kira sunan nan tun ranar da na je duba ta, ta ce na tsufa na lalace. Ka yi sa'a da ka same ni da rai, yaro. Duk waɗanda ke iya faɗarsa sun riga ni tafiya."

Wannan magana ce ta raka shi har cikin gari. Ya iso bayan la'asar, ya tarar da mahaifinsa a kan tabarma, Goggo Yelwa na tankaɗen gero, Sauda a bakin ƙofa da jaririya. Ya tsaya a tsakiyar gidan ya gyara hularsa.

"Baba, na zo da suna. Fatu za a raɗa mata."

Mahaifinsa ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Goggo ta rufe baki da gefen mayafi, rariya ta tsaya cak a hannunta.

"To, Allah ya raya Dada ƙarama," in ji ta.

"Amin, Goggo. Ku ku kira ta Dada, kunyarku ce, ban hana ba. Ni jika ne. Fatu zan riƙa kiranta, da ƙarfi, safe da yamma, har duk Ɗan Iya su haddace."